Tambayi Bakanike: Kilomita 1,600 a Kwana Ɗaya, Gudu Ne ko Zama?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki. Tun da samarinmu suka fara kallon masu ƙetare ƙasashe a kan babur ta wayoyinsu, an daina tambayata maganar fulogi da baƙin mai, kowa tafiyar nesa yake so. Na tsamo biyar daga ciki. Mai batirin da ke mutuwa da sanyin safiya ya yi haƙuri sai wata mai kamawa.

Tambaya: Baba Bakanike, barka da aiki. Ina da babur mai ƙarfin cc 650, na saye shi na hannu bara. Na ga Turawa suna wata tafiya ta kilomita 1,600 cikin awa 24, a ba su takardar shaida. Ina so in shiga sahun farko na waɗanda suka yi ta a Arewa. Abokina ya ce in ba zan iya riƙe gudun kilomita 140 zuwa 150 a awa ba, kada ma in fara. Gaskiya ne? Daga wani matashi, Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Ɗana, da na ga Zariya a ƙasan wasiƙar sai da na yi dariya. Bazazzage da kilomita 1,600, alhali Kano da ke nan kusa ma sai ya yafi dangi kafin ya taso! Wasan Bakano ne, kada ka kai ƙarata fada.

Tafiyar da ka gani ta wata ƙungiya ce a Amurka mai suna Iron Butt Association. In aka mayar da sunan Hausa, a gafarce ni, "mazaunan ƙarfe" ke nan. Ka lura ba totur suka yi wa kirari ba. Iya zama suke yabo. Ƙaramar jarrabawarsu ita ce SaddleSore, mil 1,000 cikin awa 24, sannan akwai ta kilomita 1,600 domin ƙasashen da ke awo da kilomita.

Ɗauko biro. Raba 1,600 gida 24, za ka ga bai ma cika kilomita 67 a awa ba. A ƙasar da doka ta yarda babur ya yi 90 a babbar hanya, mutum zai cinye tafiyar cikin awa 17 da minti 47, ya rage masa awa 6 da 'yan kai na shan mai, salla, cin abinci, har da ɗan rintsawa. To ta ina 150 ta shigo? Abokinka a majalisa ya jiyo.

Waɗanda suka ƙware a wannan harka a gidan mai suke tattalin lokaci. Babur mai yin kilomita 300 da tanki ɗaya zai tsaya sau biyar ko shida. Wani ya sha mai, ya karɓi rasit, ya kurɓi ruwa, minti 10 ya tashi. Wani kuwa sai ya cire safar hannu, ya amsa waya, ya ɗauki hoto, ya tsaya hira da yaran da suka kewaye babur suna tambayar nawa aka saya, minti 30 ta tafi. Tsayuwa shida, tsakanin mutum biyun nan awa 2 cur. Babu gudun da zai biya maka wannan bashi.

Ga abin da gudun yake ba ka. Zariya zuwa Kano wajen kilomita 150 ne. Mai tafiya a 100 zai yi minti 90, mai 140 ya yi minti 64. Ribar minti 26, a lissafin biro, kamar babu Tashar Yari, babu Kwanar Dangora, babu Ciromawa da Kura da jama'arsu da ke tsallaka titi da kwandunan tumatir. Ga kuma abin da yake karɓa. Iskar da ke dukan ƙirjinka a 140 ta kusa ninka ta 100, saboda ƙarfinta ba ya hawa daidai da maleji, ninkuwa yake. Inji ya ƙara shan mai, tsayuwarka ta ƙaru, wuya da kafaɗu su sage tun kafin azahar. Birki ma haka. A 100 kana cin mita 28 duk daƙiƙa, a 140 mita 39. Kafin ido ya gani, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Daga nan, a kwalta mai kyau da taya mai kyau, mai 100 yana bukatar wajen mita 55 ya tsaya, mai 140 wajen 110. Haɗa su. Mai 140 zai wuce tsawon filin ƙwallo da kusan rabin wani kafin ya tsaya. Akuya ba ta san wannan lissafi ba.

Ita ƙungiyar kanta ba ta ba wa wanda ya riga isa komai. Wanda ya gama a awa 18 da wanda ya gama a awa 23 da minti 50 takarda iri ɗaya za su rataya a bango. Shaidarsu rasit ne na inji mai ɗauke da rana, lokaci da wuri, na farko shi ne agogon tashi, na ƙarshe shi ne na isa, kuma ba sa karɓar tazarar da ta wuce mil 350 babu shan mai. Sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba su lamunci gudun wuce kima, tuƙi cikin gajiya, ko shan abin hana barci ba, kuma rasit ɗin da ka miƙa da hannunka shi zai tona asirinka in lokutan suka nuna tashi sama ka yi. Babbar haɗuwarsu, Iron Butt Rally, da aka fara a 1984, kwana 11 ce, wajen mil 11,000, duk bayan shekara biyu. Maki ake tarawa ta ziyartar wurare, kuma har barci akwai makinsa.

Yanzu mu dawo gida, inda gizo ke saƙar. Buɗe littafin dokokin hanya na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC. Ƙaramar mota ta gida: 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a ekspres. Tasi da bas: 50, 80, 90. Babur fa? 50 a cikin gari, 50 a babbar hanya, a gurbin ekspres kuma ba a rubuta masa komai ba. Ninka 50 sau 24. Kilomita 1,200, ko da ba ka tsaya fitsari ba. Wato a Najeriya ba a iya yin 1,600 cikin awa 24 sai an taka doka, tun daga minti na farko.

Na san me za ka ce, wa yake tafiya a 50 a hanyar Kaduna? Ni ma a ganina wanda ya tsara jadawalin ƙananan babura ne a ransa, kuma ƙaton babur da ke rarrafe a 50 tirela na hura masa ƙaho a ƙeya yana cikin wani haɗarin na daban. Ya kamata a sake duba shi, a raba ƙanana da manya. Amma kafin a gyara, ita ce doka, kuma ranar da tsautsayi ya gitta ka buge ɗan wani, da ita za a auna ka, ba da ra'ayin Baba Bakanike ba.

Ko an ɗaga dokar, hanyarsu ba tamu ba ce. Manyan titunan Amurka babu mai tsallakawa, babu kasuwa a bakinsu, iyakar gudu a yawancinsu mil 70 zuwa 80 ce, wato kilomita 113 zuwa 129. Mu nan dare wajen awa 11 zuwa 12 ne duk shekara. Ka tashi da asuba ka isa 11 na dare, ka yi awa huɗu ko fiye a duhu, ga gingimarin da ta lalace aka jera mata ganye maimakon fitila, ga shanu, ga rami, ga shingen bincike, ga waɗanda ba sai na ambaci sunansu ba. Amsata ita ce kada ka yi ta a nan.

In tafiya kake so, dubi Kunle Adeyanju. Ya tashi daga Landan ranar 19 ga Afrilun 2022 a kan Honda CB500X, wadda ba ta kai naka ƙarfi ba, ya shiga Legas ranar 29 ga Mayu, fiye da kilomita 12,000, yana tara kuɗin yaƙi da shan-inna. Raba ka gani, wajen kilomita 300 a rana. Shi ne kuma duniya ta san sunansa. Fara da 300, daga hantsi zuwa la'asar, ka ji yadda gwiwa da baya za su gaya maka gaskiya washegari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Maigidana ya shiga ƙungiyar masu manyan babura, suna shirin tafiya daga nan har Legas ba tare da kwana a hanya ba. Na tsinci wasu ƙwayoyi a aljihun rigarsa, ya ce na hana gajiya ne. Da na yi magana ya ce shi ba ya gudu, don haka babu abin tsoro. Hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata uwargida, Gombe.

Amsa: 'Yata, hankalinki ya fi nasa gaskiya. Bari in ba ki labarin kafaɗata ta dama, ki karanta masa.

A 2006 na je ɗaurin auren wani abokin sana'a a Maiduguri, lokacin ana shiga garin da babur, kafin a hana a 2011. Na tashi tun asuba ranar, aka yi hidima yini guda, bayan isha na ce Kano zan kwana saboda akwai injin wani da na yi alkawarin haɗawa. Aka roƙe ni in bari sai da safe, na ƙi. Na cika baki da goro, na sha shayi mai kauri a Damaturu, na ƙara a Potiskum. Ba na gudu, wallahi malejina bai wuce 60 ba. Tsakanin Potiskum da Azare, wajen ƙarfe 3 na dare, ina tuna farin layi yana rabuwa biyu yana haɗewa. Abin da na sake sani shi ne ina kwance cikin gonar dawa, babur yana can yana kuka shi kaɗai, tayar baya na juyawa. Babu wanda ya buge ni, ban buge kowa ba. Wata biyu ina ɗaure da ɗori, injin mutumin kuma wani ya haɗa. Har yau in hunturu ya kama, kafaɗar nan ita ke fara sanar da ni.

Barci ɓarawo ne, kuma na kan babur ba ya sallama. Daƙiƙa uku ko huɗu ne, ido ma yana iya kasancewa a buɗe. A 60, daƙiƙa uku mita 50 ce babu direba. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, hannunsa da idonsa suna aiki kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, in ya kai awa 24 kuma kamar mai 0.10. Na farkon shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba, na biyun ya ninka ta. Maigidanki da ko warin giya ba ya so, zai shiga Legas a matsayin mashayi, da alwalarsa.

Jiki yana da lokutan da yake neman kwanciya ko an ƙi ko an so: daga wajen 2 zuwa 5 na dare, sai kuma bayan azahar, musamman in an loda tuwo ko shinkafa. Alamominsa sanannu ne. Ka manta garin da ka wuce yanzu. Ka ga ka rage gudu ba dalili. Ka manta fitilar kwana tana ƙyaftawa tun ɗazu. Ka kasa yanke shawarar ko ka sha mai a nan ko a gaba. Da ɗaya ta bayyana, a sauka.

Ƙwayoyin kuwa, ban gan su ba, amma ki duba bayan takardar. In Tramadol ne, wannan maganin ciwo ne mai ƙarfi, ba na hana barci ba. Yana rufe wa mutum jin ciwon baya da gwiwa, waɗanda su ne 'yan aiken da ke cewa a tsaya, yana kawo jiri da gyangyaɗi, in an sha da yawa har jijjiga irin ta farfaɗiya yana sawa. Ki yi tunanin wannan a kan taya biyu. Na zauna da 'yan acaɓa a Kano shekaru kafin a hana goyo a 2013, na ga masu gadagi da masu ƙwaya, na san yadda idonsu yake komawa. Goro da shayi da kofi halal ne, amma bashi suke ci maka daga barcin gaba, kuma mai bashin yana zuwa lokaci guda. Abin da na ga yana aiki shi ne a sha shayin, a kwanta minti 20 a masallacin gidan mai, a tashi a wanke fuska. Wannan zai kai mutum garin gaba inda zai kwana, ba zai kai shi Legas ba.

Kada ki yi masa faɗa a gaban abokansa, namiji da babur sai a hankali. Ki roƙe shi abu uku: su raba tafiyar kwana uku, su sauka kafin magariba, ya kira ki duk inda suka tsaya salla. Matafiyi an yi masa rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, amma ni a doguwar tafiya na fi son in sauka kowace salla a lokacinta, domin ruwan alwala da ruku'u da sujada sun fi duk wata miƙa da na sani warware baya. In ya ƙi ji, ki kai maganar wurin wansa ko mahaifiyarsa.

Tambaya: Malam, mu nan iyayenmu suna ba mu labarin tseren Fari-Dakar lokacin da yake biyowa ta Agadas, motoci da moto suna tashi kamar iska a cikin rairayi. In su suna ƙure maleji kwana da kwanaki suna isa lafiya, don me kullum kuke tsorata mu da gudu? Daga wani mai kabu-kabu, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa Badamagare, ka ce suna isa lafiya. Wa ya gaya maka?

An fara tseren ranar 26 ga Disambar 1978 daga birnin Faris, aka biyo ta Aljeriya, Agadas, Yamai, Gawo da Bamako. Abin hawa 182 suka tashi, 74 suka ga Dakar. Wanda ya ƙirƙiro shi, Thierry Sabine, shi kansa ɓata ya yi a Sahara a kan babur a 1977 kafin tunanin ya zo masa, kuma a cikin tseren ya mutu, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986. A ƙasarku aka watsa tokarsa, gindin wata bishiya a Tenere. Fabrizio Meoni ɗan Italiya, wanda ya ci tseren a 2001 da 2002, ya faɗi ya mutu a Muritaniya a Janairun 2005. Shekara ta zagayo, Andy Caldecott ɗan Ostireliya ya bi shi, a ƙasar dai. Paulo Gonçalves ɗan Fotugal ya mutu a Saudiyya a Janairun 2020. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne. Ba su kaɗai ba kuma: a 2006 motocin tseren sun kashe yara biyu 'yan kallo, ɗaya a Gini ɗaya a Sanagal. Wannan ɓangaren ba ya shiga hirar dare.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne Dakar, wadda tsere ce ta gaske mai kofi da kuɗi, ita ma tana da iyakar gudu. Bayan mace-macen 2005 aka sa wa babura iyaka, a yau kilomita 160 ce. A cikin ƙauyuka akwai wuraren da dole a sauko 30 ko 50, na'urar tauraron ɗan'adam da ke jikin babur tana rubuta komai, wanda ya wuce a ƙara masa mintoci ko a ci shi tara. An rage girman inji zuwa cc 450. Daga 2021 dole kowa ya sa riga mai kumbura da iska in an faɗi, kuma a shekarar aka ƙayyade wa manyan 'yan tsere tayar baya shida kacal, da gangan, domin mai tsoron cinye taya zai sassauta hannu. A wurin shan mai ma akwai hutun dole.

Sannan su suna da jirage masu saukar ungulu da likitoci suna shawagi a kansu, kuma babu motar gawayi da ke tahowa ta gabansu. Kai in ka faɗi tsakanin Tanut da Adarbisanat, wa zai ɗauke ka, cikin awa nawa? Ka yi wa kanka wannan tambaya kafin ka murɗa.

Tambaya: Baba, ni ba ni da ƙaton babur, Boxer ce mai cc 100. Zan iya zuwa Legas da ita daga Kano? Daga wani ɗalibi, Haɗeja.

Amsa: Za ta je, ɗana. Ƙananan babura sun yi tafiyar da ta fi wannan. Kai ne abin dubawa.

A nan doka da inji bakinsu ɗaya. Ƙaramin inji mai shan iska ba ya son a ƙure shi awa da awanni, ya fi jin daɗi a tsaka-tsaki, kuma 50 ɗin da doka ta ba ka ba ta yi nisa da inda yake so ba. Kilomita wajen 1,000 a haka awa 20 ce ta zama a kan sirdi. Ka ba ta kwana huɗu. Duk awa ɗaya da rabi ka sauka, inji ya huce, kai ma ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, don iska tana busar da gumi ba ka sani ba, a bazara kuma zafi yana haura 40. Babban abokin gabarka yana bayanka ne, tanka da tirela, saboda haka madubin nan biyu da samari ke cirewa don gayu ka mayar da su.

Kafin ka tashi: sabon baƙin mai, sabon fulogi da wani a aljihu, wayar kuloci ta ajiya, kayan faci da famfo. Kaca kada ta yi tauri kada ta yi lako-lako, ka shafa mata mai kowace safiya. Tsuguna ka karanta gefen taya. Akwai lamba huɗu, misali 2321, ma'ana mako na 23 a shekarar 2021 aka yi ta, hukumar kiyaye haɗurra kuma shekara huɗu take ba taya daga ranar, ko da zanenta bai goge ba. Akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da taya za ta iya ɗauka a awa: J kilomita 100, L 120, P 150, S 180, H 210. Wannan na faɗa ne domin Bazazzagen da ke sama, ya je ya duba nasa.

Hular kwano kuwa, ka tuna Janairun 2009 da aka fara tilasta ta, mutane suka riƙa kifa ƙwarya da hular magina don a bar su su wuce. An yi dariya, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Binciken likitoci ya nuna hula ta gaske tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Nemi mai rufe haɓa, mai tambarin inganci na ECE ko DOT, ka ɗaure igiyar. Takalmi mai rufe idon sawu, ba silifa ba.

Abu na ƙarshe, Legas ta hana ƙananan babura hawa manyan titunanta tun dokar 2012, ta ƙara tsanantawa a 2020 da 2022. Kada ka sha wahalar kwana huɗu a ƙwace maka ita a bakin gari. Ka nemi inda za ka ajiye ta a Ibadan ko Shagamu, ka ƙarasa a mota.

Tambaya: Mu takwas ne muke fita tare. Jagoranmu yana cewa bai taɓa wuce ƙa'ida ba, amma ni da nake baya kullum sai na ƙure kafin in kamo su. Laifin wa? Daga wani ma'aikaci, Kawo, Kaduna.

Amsa: Ƙanena, duk ku biyun gaskiya kuke faɗa. Ayari kamar roba yake. Jagora ya wuce tirela ya ci gaba da tafiyarsa, na biyu ya jira sarari, na uku ya jira, kafin a zo kan na takwas an ba shi rata mai yawa, sai ya yi gudun da jagora bai taɓa yi ba, ya kuma sha gaban mota a inda bai kamata ba don kada a bar shi. Gyaran a wurin jagora yake: in ya wuce mota ya sassauta har ya ƙirga fitilu bakwai a madubinsa. Mafi ƙarancin ƙwarewa ko mai ƙaramin babur ya zama na biyu, gogagge ya rufe baya. Ku bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninku da wanda ke gabanku kai tsaye. Takwas ma sun yi yawa, ku rabu huɗu-huɗu, ku sa gidan man da za ku haɗu tun kafin a tashi, sai babu mai bin wani da gudu.

Akwai kuma abin da Turawa ba sa tunani a kai. A ƙauyukanmu yau, ayarin babura da fuskoki a rufe ba abin sha'awa ba ne, abin a kwashe yara a shige gida ne, kuma 'yan sa-kai ba sa tsayawa tambaya mai tsawo. In kun doshi ƙauye ko shinge ku sauko ƙasa sosai tun daga nesa, ku ɗaga gilashin hula, mutum ɗaya ya yi sallama ya yi bayani, takardun babur da katin shaida a aljihun gaba. Ku tambayi direbobin tasha halin hanya a safiyar da za ku bi ta, ba na makon jiya ba, don jihohi da dama suna sa dokar hana babura a wasu ƙananan hukumomi ko wasu awanni. Kowa ya rubuta rukunin jininsa da lambar wani nasa a takarda ya sa a aljihun ƙirji, waya tana fashewa ko ta kulle. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, kiran kyauta ne.